Ƙanena ya ƙi barin ƙwaya, kuma na gaji

'Yar'uwa, kin ce shekara 3 kina fama da ƙanenki, har kin fara ganin rayuwarki ba ta da amfani. Shiriyarsa ba a hannunki take ba; Annabi (SAW) ma bai iya shiryar da Abu Ɗalib ba, ki duba Suratul Ƙasas aya ta 56. Abin da ke hannunki: kada ki ba shi tsabar kuɗi, ki saya masa abinci da kanki. Ki yi masa magana da safe, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ban da gori, domin gori na mayar da shi majalisar abokansa. Idan ya amince, ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Sana'arki da karatunki kuma, ki koma musu wannan makon.