Da na sa ribas sai tirelar jirgina ta cije: ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na san shafin nan na waya da kwamfuta ne, amma a taimaka mini. Na sayi akori-kura 'yar Amurka tare da tirelar ɗaukar jirgin ruwa mai inji. Idan gaba zan yi lafiya lau, amma da na sa ribas sai tayoyin tirelar su cije, musamman a yashi ko wurin hawa. Soket ɗin motar mai baki bakwai ne, fulogin tirelar kuwa mai biyar. Mai wayarin ya yanke fulogin ya haɗa launi da launi, shuɗi da shuɗi, amma ba ta canza zani ba. Daga mai karatu a Yauri.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba ka ɓata hanya ba, Malam, don motar zamanin nan kwamfuta ce aka sa wa tayoyi. Kafin komai, kada ka sake hawa titi da tirelar nan sai an raba shuɗin nan biyu. Zan faɗi dalili, amma bari mu fara daga birkin kansa.

Yawancin tirelolin jirgi da ake yi a Amurka ba da lantarki birkinsu yake aiki ba, saboda kullum ana tsoma tayoyinsu cikin ruwa, birkin lantarki kuwa ba ya shiri da ruwa. Sai aka yi wata dabara. A wuyan tirelar, daidai inda take kama ƙwallon ƙarfen bayan mota, akwai ƙaramin famfon man birki. Idan ka taka birki mota ta rage gudu, nauyin jirgi yana turo tirelar gaba, wuyan ya matse, famfo ya tura mai zuwa tayoyi, birki ya kama. Babu waya, babu umarni daga direba. Nauyin kayan ne yake taka wa kansa birki.

To, ka ga inda gizo yake saƙa. Idan ka sa ribas, motar ce take tura tirelar, wuyan kuma ya matse kamar dai ka taka birki. Famfon bai san bambanci ba. A kan kwalta mai laushi wataƙila ka sha, amma a yashin bakin Kogin Neja ko a hawa, iya turawarka iya cijewarta. Maganin da suka yi shi ne wani ɗan bawul na lantarki da ake kira solonoyid, a bayan famfon. Da ya samu bolt 12 sai ya hana man birki isa tayoyi. Wutar da ake ba shi kuwa daga layin fitilar ribas take zuwa, don ita kaɗai ce take kamawa idan giya tana R.

Waya ta biyar a fulogin tirelarka ke nan. Huɗun farko sanannu ne: fara ita ce at, wato wayar da wuta take bi ta koma ta jikin ƙarfen mota, ruwan ƙasa fitilun dare, ruwan ɗorawa sigina da birkin hagu, koriya sigina da birkin dama. Ta biyar ɗin shuɗiya ce, aikinta ribas.

A soket mai baki bakwai na motarka ma akwai shuɗiya, amma ba 'yar gida ɗaya ba ce da waccan. Ita wannan ta birkin lantarki ce, tana fitowa daga wata na'ura da ake sawa a ƙarƙashin sitiyari don manyan tirelolin kaya da na kwana. Ribas a wannan soket yana bakin tsakiya ne, wayarsa kuma wani lokaci ruwan ɗorawa ce, wani lokaci shunayya, ya danganta da wanda ya ƙera. Idan motarka ba ta da waccan na'urar, shuɗiyar matacciya ce, shi ya sa ba ka ga canji ba. Idan kuwa tana da ita, to abin ya fi muni: za ka taka birki a kan titi, wuta ta bi shuɗiya ta shiga solonoyid, shi kuma ya toshe man birkin tirela a daidai lokacin da ake neman sa. Ka yi tunanin jirgi da injinsa suna turo ka a gangara babu mai riƙe su.

Ban ga laifin mai wayarinka sosai ba, don launi da launi aka koya wa kowa. Sai dai ko a Amurka kanta tsarin launi biyu ne a kan soket mai baki bakwai. A ɗaya, ruwan ƙasa fitilun dare ne. A ɗayan, ruwan ƙasa siginar dama ce, koriya ce ta dare. Ni ba na yarda da launin waya sai na gwada ta.

Gwajin ba shi da wuya. A ja birkin hannu, a sa dutse a tayoyi, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba ƙafarsa a kan birki, a murza makulli ba tare da tada inji ba, a sa R. Kai kuma ka tsaya daga gefe, ba bayan motar ba, ka maƙala fitilar gwaji a ƙarfen jikin mota ka taɓa bakin tsakiya. Idan ta kama a R ta mutu a sauran giyoyi, ka samu abin da kake nema. Sai ka kai shuɗiyar tirela can. Da ba a yanke fulogin ba ma, akwai adafta da ake sayarwa mai juya bakwai zuwa biyar, ita take yin wannan aikin ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Bayan an haɗa, sa kunnenka kusa da wuyan tirela yayin da ake sa R. Za ka ji "ƙas" ɗin solonoyid.

Idan bakin tsakiya bai kawo wuta ba, kada a yi saurin fasa waya. Buɗe akwatin fis na cikin bonet. Motocin da aka yi don jan tirela suna da fis da rile (makunnin da wuta take kunnawa, ba hannu ba) na fitilun tirela daban da na motar, kuma taswirarsu tana jikin murfin. Sau da yawa fis ne ya ƙone, ko wani ya zare rilen ya toshe wata ɓaraka da shi tun kafin motar ta iso hannunka.

Kafin a gama gyara, duba gefen wuyan tirelar. Da yawansu suna da rami ko ɗan makulli da ake sawa da hannu ya hana wuyan matsewa. Sa shi ka yi ribas ɗinka, amma ka cire kafin ka hau hanya, don muddin yana ciki tirelar ba ta da birki.

TAMBAYA: Malam, tawa motar ba ta zo da soket ba. An ɗauko wutar tirela kai tsaye daga wayoyin fitilun baya. Tun ranar allon gaba yake nuna alamar kwan fitila ya mutu, sigina tana ƙiftawa da sauri, na'urar da ke ƙara idan an kusa bugun abu a baya kuma ba ta yin shiru. Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wannan kam tambayar kwamfuta ce tsantsa. A tsofaffin motoci, waya tana tashi daga makunni ta tafi kwan fitila, shike nan. A sababbi, makunnin saƙo kawai yake aikawa wani biren bokis da ke kula da fitilu, ƙofofi da gilasai, shi ne yake sakin wuta, yana kuma auna yawan da kowane layi yake ja. Kwan ribas ko na sigina mai wat 21 yana jan amp 1.75 ne a kan bolt 12. Idan ka rataya masa fitilun tirela, lissafi ya canza, sai kwamfutar ta ɗauka wani abu ya lalace. Mai sauƙin hali ta nuna alama. Wata ta yanke layin gaba ɗaya har sai an kashe mota an tayar. Idan kuma wayar tirela ta goge ta taɓa ƙarfe, abin da zai ƙone ba fis na naira kaɗan ba ne, ƙafar biren bokis ce.

Ana sayar da ɗan akwatin wutar tirela mai ɗaukar wutarsa daga batir. Shi leƙen layin fitilun mota kawai yake yi, ya kunna na tirela da wutar kansa. Shi ya dace da motarka. Idan layin ribas kaɗai ake buƙata, rilen nan mai ƙafa huɗu da kowane mai wayarin yake da shi a aljihu ya isa. Ƙafa ta 86 ta je wayar fitilar ribas, 85 ta je at, 30 ta je batir ta cikin fis mai amp 10 da aka sa kusa da batirin, 87 kuma ta tafi tirela. Abin da rilen zai ja daga layin motar bai kai rubu'in amp ba.

Ƙarar na'urar baya kuwa gaskiyarta ce: tirelar take gani. Motar da aka haɗa wa soket na asali tana gane an rataya tirela ta kashe na'urar da kanta. Taka ba ta sani ba, sai ka danna maɓallin kashewa da hannu.

Roƙona ɗaya ga masu wayarin: a daina soka allura ko fitilar gwaji a duk wayar da aka gani. Idan ka ga sirara guda biyu an murɗe su kamar tufkar igiya, layin da kwamfutocin motar suke magana da juna ne. A bar su.

TAMBAYA: Tirelata daga Faransa ta zo, fuloginta zagaye ne mai baki 13, motar kuma 'yar Amurka. Za su haɗu? Sannan me ya sa fitilun suke hauka duk lokacin da muka fito daga ruwa? Daga mai karatu a Yamai.

AMSA: Za su haɗu, amma ba da adafta kawai ba. Amurkawa suna haɗa birki da sigina a waya ɗaya, Turawa kuma sun raba su, birki yana baki na 6, siginar hagu na 1, ta dama na 4. Sai an sa akwatin da ke raba su, ko a ɗauko kowanne daga inda yake a rabe a jikin motar. Ribas yana baki na 8, wayarsa ruwan hoda. Shuɗiya a nan kuma, ka ji wata sabuwa, fitilar hazo ce ta baya, baki na 2. Tsohon fulogin Turai mai baki 7 ba shi da ribas ko kaɗan. Sa'arka ita ce birkin ƙananan tirelolin Turai yawanci na sanda da kebur ne, an ƙera shi ya saki da kansa idan taya ta juya baya, don haka baki na 8 fitila kawai yake kunnawa. Kada dai a jona ta a babbar mota irin DAF ko MAN, su bolt 24 ne, kwayayen za su tashi nan take.

Haukar fitilu kuwa, ka sa sigina duk su riƙa ƙiftawa tare, ko ka taka birki na dare su dushe, kusan kullum at ne. Mutane suna barin ƙwallon ƙarfen ya zama shi ne at, alhali tsatsa da giris sun rufe shi. Kankare fenti a jikin tirela har ƙarfe ya yi fari, ɗaure farar waya da noti, ka shafe wurin da giris. Ni na fi son a ja farar waya har kan kowace fitila. Duk mahaɗar da aka murɗa aka naɗe da baƙin tef, ruwa zai shige ta, kwana kaɗan ka buɗe ka tarar da tagullar ta zama koren gari. A yi amfani da robar nan mai gam da ake gasawa ta tsuke a kan waya.

Idan fitilunka na kwai ne, zare fulogi kafin tirelar ta shiga ruwa, don kwai mai zafi yana fashewa idan ya ji sanyi. Masu solonoyid, irin ɗan'uwanmu na Yauri, zare fulogi yana kashe musu shi. A gangarar shiga ruwa ba damuwa, tirelar ce take jan mota, wuyan ba ya matsewa. Amma idan akwai yashi ko tudu kafin gangarar, a bar fulogin a jone har sai an wuce shi, ko a sauya fitilun da na LED da aka rufe ruf, waɗanda ake shiga ruwa da su a kunne.