Na bugi motar da aka ajiye a bayana ina ribas: ni zan biya ko shi?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ranar Asabar na je wata filaza a nan Kano sayen kayan yara. Na biya naira 200 a bakin get aka ba ni tikiti, na yi fakin a layi kamar kowa. Da na fito zan tafi, ashe wani Alhaji ya zo ya ajiye jif ɗinsa a bayana, a kan hanyar da motoci ke bi, ya shige abinsa. Yaron da ke kula da wurin ya ce zan iya fita, yana ta cewa "taho, taho", ni kuma ina ribas har na ji ƙara. Na lotsa masa ƙofar baya, ni kuma bamba da danja ɗaya suka fashe. Da ya fito sai ya zare makullin motata, sai da mutane suka sa baki ya mayar mini. Yanzu yana neman naira dubu 850, wai sabuwar ƙofa zai saka, a sake fentin motar gaba ɗaya, har da kuɗin hayar motar da zai hau. Ya ce in ban biya ba zai sa 'yan sanda su kama ni. Ni a ganina shi ya kamata ya gyara mini, tunda shi ya yi fakin inda bai dace ba, ko kuma masu filazar su biya tunda yaronsu ne ya ce in taho. Ina da inshora. Mene ne matsayina?

Amsa

Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya kiyaye gaba, an gode Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe. Duk abin da zan faɗa a nan na gina shi ne a kan labarin da ka bayar kai kaɗai. Ban ji ta bakin Alhajin ba, ban ga wurin ba, kuma a irin wannan rigima faɗin hanyar da inda motar ta tsaya na iya sauya magana.

Ka yi haƙuri, amma inda ka kafa ƙafarka ba shi da ƙwari. Idan maganar ta je gaban alƙali, abin da zai fara tambaya shi ne wace mota ce ke tafiya lokacin da aka yi karon. Taka ce. Tasa a tsaye take, a kashe, ba kowa a ciki. A shari'ar sakaci, nauyin tabbatar da cewa baya a buɗe yake yana kan mai yin ribas, kuma nauyin ya fi na mai tafiya gaba, domin shi ne ya zaɓi ya motsa mota zuwa inda idonsa ba ya gani sosai. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ya yi fakin ba bisa ƙa'ida ba ya zubar da haƙƙinsa, duk abin da ya sami motarsa shi ya jawo. A mafi yawan lokuta kotu ba ta kallon abin haka. Za ta ce ka ga motar, ko ya kamata a ce ka gan ta, kuma kana da zaɓi: ka tsaya, ka fito ka duba, ko ka sa a nemo mai ita. Ka zaɓi ka gwada fita.

Ko da kun tafi kotun Musulunci ne, ban ga inda sakamakon zai bambanta sosai ba. Ƙa'idar malamai sananniya ce cewa a wajen lalata dukiyar mutane ganganci da kuskure duk biya ake yi. Kuskure yana ɗauke zunubi, bai ɗauke gyaran ƙofa ba.

Wannan ba ya nufin Alhaji ya fita fes. Akwai abin da muke kira gudummawar sakaci, wato wanda aka yi wa ɓarna shi ma ya sa hannu wajen jawo ta. Idan aka tabbatar cewa ya toshe hanyar fita, alhali ga layi a shata, ko akwai allo da ya hana tsayawa a wurin, ko mai gadi ya yi masa magana ya ƙi ji, kotu na da ikon raba laifin ta rage abin da za a ba shi. A ce ainihin gyaran naira dubu 300 ne, alƙali ya ga kashi 30 cikin 100 na laifin nasa ne, to dubu 210 za ka biya. Misali na bayar kawai, kada ka riƙe shi kamar alkawari, domin rabon yana hannun alƙali kuma ya danganta da hujjar da aka kawo masa. Abin da nake so ka gane shi ne wannan hujja ta rage maka nauyi ce. Da wuya ta juyar da shari'ar har a ce shi zai saya maka bamba.

Sai batun yaron da ya ce "taho, taho". Sitiyari da birki a hannunka da ƙafarka suke, kuma direba ba ya miƙa wa mai ba shi hannu alhakin tuƙinsa. Shin za a iya jawo masu filazar ciki? Mai yiwuwa, amma hanyar da tsawo. Dole ka fara nuna cewa yaron ma'aikacinsu ne, ba irin matasan nan da ke tsayawa a bakin wuri suna karɓar na goro ba. Sannan ka nuna cewa ba da hannu yana cikin aikin da suka sa shi. Tikitin naira 200 ɗin nan kuma ka juya bayansa ka karanta, galibi za ka tarar an rubuta cewa mai mota ne ke da alhakin motarsa. Kotunanmu ba sa saurin ɗora wa mai wuri alhaki. A shari'ar Mai Shari'a Anyah da otal ɗin Imo Concorde na Owerri, inda aka sace masa mota a harabar otal ɗin, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2002 cewa otal ɗin ba zai biya ba. Gaskiya waccan sata ce, taka kuwa akwai ma'aikacin da ya yi magana da bakinsa, don haka ba daidai suke ba. Duk da haka ba zan ba ka shawarar ka kashe kuɗin lauya kana bin masu filaza a kan bamba da danja ba. Amfanin da za su yi maka yanzu shi ne kyamarar tsaro, idan suna da ita. Ka je yau ka roƙi manaja ya ajiye maka hoton ranar, domin na'urorin nan suna goge tsohon ɗauka bayan 'yan kwanaki. Shi ne zai nuna inda jif ɗin ya tsaya.

Yanzu ga buƙatun Alhaji, waɗanda na karanta sau biyu. Diyya a doka ana ba da ita ne don a mayar da mutum yadda yake kafin ɓarnar. Ba hanyar sabunta mota ba ce. Idan mai gyaran jikin mota zai iya buge ƙofar ta koma daidai a yi mata fenti, to kuɗin wannan aikin ne haƙƙinsa. Sabuwar ƙofa sai an nuna cewa tsohuwar ba ta gyaruwa. Fentin mota gaba ɗaya saboda ƙofa ɗaya kuwa, ina son in ga alƙalin da zai amince da shi. Kuɗin hayar mota ana iya nema, amma na 'yan kwanakin da gyara zai ɗauka bisa hankali, kuma da rasit. Irin waɗannan kuɗaɗe doka ta ce sai an jera su dalla-dalla an tabbatar da kowanne da hujja. Adadin da mutum ya faɗa cikin fushi a bakin filaza ba hujja ba ne.

Zare maka makulli da ya yi ba shi da hurumi a doka, ko da kuwa yana da gaskiya a kan ɓarnar. Tunda ya mayar, ni da zan bar maganar, in ajiye ta don ranar zaman sulhu. Barazanar 'yan sanda kuma, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan abin da rigimar farar hula ce zalla, haka ma sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar kuɗin gyaran mota ba ne. Sai dai kada ka saki jiki gaba ɗaya: suna da ikon bincikar haɗari, kuma tuƙin ganganci laifi ne da za su iya dubawa. In an gayyace ka, ka je da lasisinka da takardun mota da wani babba, ka ba da bayaninka, kada ka sa hannu a takardar alkawarin biyan dubu 850 don kawai a bar ka ka tafi gida. Takardar da mutum ya sa wa hannu a tsorace tana da wuyar warwarewa daga baya.

Ka ce kana da inshora, ba ka faɗi wace iri ba. Ina kyautata zaton ta dole ce, wadda ake haɗawa da takardun mota. In ita ce, ba za ta gyara maka bamba ba, domin an yi ta ne don wanda ka yi wa ɓarna. Amma a nan za ta iya yi maka rana. Tun daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira dubu 15 a shekara ga motar gida, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ka fara duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID ka tabbatar takardar ta gaske ce, don jabu sun yi yawa a hannun masu yi wa mutane takardu. Idan sahihiya ce, ka sanar da kamfanin a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, ka tura hotuna da lasisinka, kuma za su iya neman rahoton 'yan sanda. Ka karanta sharuɗɗan da kyau. Yawancinsu sun hana ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da saninsu ba, kuma ya kamata ka ji daga bakinsu ko takardarka ta haɗa da haɗarin da ya faru a harabar kasuwanci. Saboda haka kamfanin za ka fara tuntuɓa kafin ka zauna da Alhaji.

Idan inshorar ta ƙi ci, ko ka ga jiran ya fi ƙarfinka, sulhu nake ba ka shawara. Shari'a a kan ƙofar mota za ta iya cin shekara, kuma abin da ku biyun za ku kashe zai wuce kuɗin gyaran. Kowa ya kawo mai gyaransa su duba ƙofar tare, a samu kiyasi biyu a rubuce, a daidaita a tsakiya, ka nemi ragi saboda inda ya ajiye motar. Zai fi kyau ka biya mai gyaran kai tsaye ta banki. A rubuta 'yar takarda mai ɗauke da lambobin motocin, ranar, adadin kuɗin, da cewa wannan shi ne biya na ƙarshe kuma ba sauran wata da'awa, ku sa hannu da shaidu biyu. In ya ƙi sauraron dattawa, akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jihar Kano, inda ake zama da mai shiga tsakani kuma a mayar da yarjejeniyar ta zama mai ƙarfin hukunci. In ma ya ƙi wannan, to shi ne mai ƙara, shi zai kawo hujja, kai kuma ka nemi lauya a lokacin.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Na lura a irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe kusan kullum wajen fita ake yin karon, mutum ya gama sayayya, ya gaji, ga motoci sun cika wurin da ya bari a sarari. Wanda ya saba shiga fakin da baya tun isowarsa, lokacin da yake ganin wurin fili, zai fita da gaba yana kallon komai. Kyamarar baya tana taimakawa, har Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci tun Mayun 2018, amma yawancin 'yan Kwatanon da muke hawa sun girmi wannan doka, kuma ko mai kyamara ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefe. Zagaya mota kafin ka shiga ba ya cin minti ɗaya. Ina nanata wannan ne saboda da yaro ne a bayan motar maimakon jif, da yanzu maganar laifi muke yi a ƙarƙashin dokar hukunta laifuka ta Final Kod, kuma "mai gadi ne ya ce in taho" ba za ta fitar da kai ba.

Kafin ku zauna, ka daina musayar saƙon murya da Alhaji a WhatsApp. Abin da ka faɗa a can, na ban haƙuri ne ko na zagi, zai iya kunna shi a gaban alƙali.