Shirunka ba laifi ba ne, sulalewar ce matsala

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce in dangi sun taru ba ka iya sakin jiki, da ka gaisa sai ka nemi lungu, har wasu sun fara cewa girman kai gare ka. Kana tambaya ko shirun nan ya saɓa wa al'ada.

Bai saɓa ba. Sai dai ka cuɗa abu biyu. Akwai mai jin kunya: yana so a yi da shi, maganar na bakinsa, amma zuciya na dukan uku-uku don tsoron abin da za a ce. Akwai kuma wanda ba ya shakkar kowa, hayaniya ce kawai ke tsotse masa ƙarfi, sai ya keɓe kafin ya dawo hayyacinsa. Tun 1921 Carl Jung, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya bambanta mai samun natsuwa cikin kaɗaici da mai samunta cikin jama'a. Daga baya Jerome Kagan na Jami'ar Harvard a Amurka ya gwada jarirai 'yan wata 4, ana kaɗa musu kayan wasa masu launi a gaban ido. Kusan 1 cikin 5 sai su tsala kuka suna wutsil-wutsil, kuma cikinsu aka fi samun masu ɗari-ɗari da baƙo bayan sun tasa. Ba dukansu ba, da yawa sun ware.

Kai naka kunya ce, na sani. Kana ɗan shekara 6 in an yi baƙi sai ka riƙe gefen rigata, ka raɗa mini gaisuwar a kunne wai ni in isar. Suna fita kuwa bakinka ya buɗe, ka kwaikwayi tafiyar kowa har mu yi ta dariya.

To, ba surutu mutane ke binka bashi ba. So suke su san ka gan su. Ba wanda zai leƙa ƙirjinka, labarin zuciya a tambayi fuska. In ka dunƙule a gefe ka kifa kai kan waya, tsoro kake ji, su kuwa raini suke karantawa. Wayar nan taku ma ta zame wa masu kunya maɓoya, mu a zamaninmu sai dai mutum ya yi ta kallon yatsun ƙafarsa.

Taro na gaba ka zo da wuri, tun ana mutum 3 ba 30 ba. Ka ɗaga murya a gaisuwa yadda goggonka za ta ji, ka tambaye ta ciwon gwiwarta, ita za ta riƙe hirar. In ka gaji ka tashi ka yi wa manya sallama. Sulalewar da ka yi wancan karon ita ta fi ɓata musu rai.

Kawunka