Amsa ga Maman Yara: kwaɓin wasa da ba ya tsagewa

Wa alaikumus salam Maman yara. Kin ce kin kwaɓa fulawa da ruwa don yara su gina ƴan dabbobi, kwana biyu ya yi tsami, wanda ya bushe kuma duk ya tsattsage. Ni ma ina yi wa yaran gidanmu da na maƙwabta a nan unguwar Birni ta Damagaram, kuma abu biyu na ga kwaɓinki ya rasa: gishiri da wuta.

Ki sami gwangwanin madara ki yi awo da shi. Fulawa gwangwani 2, gishiri gwangwani 1, ruwa gwangwani 2, man gyaɗa cokali 2, sai ruwan lemun tsami guda ɗaya. Gishirin ne ke hana shi ruɓewa, kada ki ji tsoron yawansa. Amma ki fara narkar da shi a ruwan ɗumi, musamman in mai tsakuwa ne irin na Balma. In ya yiwu ki daka shi a turmi ki tankaɗe, don ƙwayarsa na kartar hannun yaro. Daga nan ki zuba fulawa da mai, ki dama har gudaji su mutu, ki ɗora kan garwashi marar ƙarfi kina tuƙawa kamar tuwo. Za ki ga ya fara sakin gefen tukunya, ya dunƙule a jikin muciya. To nan ki sauke, kada ki ce bari ya ƙara kaɗan. In ya huce ki murza shi a faranti da tafin hannu har ya daina kama yatsa.

Garin hatsi ko na dawa ba ya yi, ba shi da danƙon alkama, wargajewa yake.

Launi kuwa a kicin ɗinki yake. Ruwan zoɓo mai kauri a madadin ruwan kwaɓi yana ba da ja, kuma lemun tsamin nan shi ke sa jan ya fito fes. Kurkum na ba da rawaya, sai dai yana rina riga, ki sa musu tsofaffin kaya. Garin gawayi baƙi. Na ranar da ba ki da lokaci, launin kek na Kasuwar Dole ya wadatar, ɗigo kaɗan.

Babban abokin gabarki a Damagaram iskar hunturu ce. In aka bar kwaɓin a buɗe, kafin la'asar ya yi ɓawo. Suna gama wasa ki shafa masa ɗan mai, ki ƙulle a leda, ki saka cikin roba mai murfi. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, firiji ko gindin randa. Da damina kuma gishirin na jan laima ya yi danƙo, sai ki barbaɗa fulawa ki sake murzawa.

Abin da suka gina kuma kike so ya dawwama, kada ki shanya a rana, ita ce ta tsaga miki na farko. A inuwa, kina juya shi kullum, kuma kada ya yi kauri fiye da yatsa.

Don Allah ki kula da mai rarrafe da duk wanda bai kai shekara 3 ba. Gishirin da ke ciki ya fi ƙarfin jikin ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa, kuma launin zoɓon nan yana jan hankalinsu. Ki zauna kusa da su, in an gama a wanke hannu da sabulu.

Manyan kuwa, masu shekara 8 zuwa sama, ki nemo musu yumɓu wajen masu ginin tukwane na Mirriya, ya fi riƙe ƙafar raƙumi da ƙahon sa.