Likita, Lasifikar Cocin Unguwarmu Ta Hana Mu Barci

Tun da na yi bayani kan kurumtar da ke kama masu injin niƙa, saƙonni suka yi ta shigowa, kuma mafi yawansu a kan ƙarar lasifikar wuraren ibada ne, musamman kwanan addu'a a coci. Kafin na amsa, bari na faɗi inda na tsaya don kada wani ya ɗauka da wata manufa nake magana. Ni Kirista ne. Mahaifiyata ta yi shekaru tana kaɗa tulu a zumuntar mata, a kan cinyarta na koyi waƙoƙin sujada, kuma har gobe ina son su. Amma aikina duba kunne ne, abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya shi zan faɗa.

Tambaya: Likita, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani coci a Sabon Tasha, Kaduna. Kowace Juma'a suna kwanan addu'a daga ƙarfe goma har asuba. Jaririna ɗan wata huɗu sai ya riƙa zabura yana kuka. Ina tsoron kada ya kurumce.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da fama. Ki fara da wannan gwajin: a daren da suke yi, ki tsaya a ɗakin da yaron yake kwana ki yi wa maigidanki magana yana nesa da ke kamar tsawon hannu. Idan yana jin ki ba sai kin ɗaga murya ba, to da wuya ƙarar ta kai ta lalata kunnen yaron. Zaburar da yake yi ma alama ce cewa yana ji.

Abin da ya fi damuna shi ne barcinsa, da naki. Yaro mai wata huɗu yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a yini da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ke cikin ɗakin kwana bai kamata ta wuce desibel 30 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wato kamar raɗa, alhali hirar mutum biyu kawai tana kaiwa wajen 60. Ki koma da shimfiɗarku ɗakin da ya fi nisa da katangar a daren Juma'a, ki rufe tagar da ke fuskantar cocin, ki sa labule mai kauri. In da wuta, ki kunna fanka nesa da kansa, domin sautin da ba ya canzawa yana rufe wanda yake tashi yana sauka, kuma mai tashi da saukan ne yake farkar da yaro. Kada ki cusa masa auduga a kunne. Kada kuma ki yarda wani ya ba ki maganin mura ko na tari wai don ya yi barci, waɗannan magunguna suna da haɗari ga jarirai.

Akwai wani abu da nake roƙon iyaye mata masu zuwa sujada: kada ku zauna da goyo kusa da lasifika. Sau da yawa nakan ga uwa ta sami wuri a layin gaba, kan jaririn da ke bayanta yana daidai da bakin akwatin sauti. Wannan yaron ne kunnensa yake cikin haɗari, fiye da na bayan katanga nesa ba kusa ba. Idan ya kai wata shida bai fara juyawa wajen da sauti ya fito ba, a kai shi a auna jinsa.

Tambaya: Ni dattijo ne ɗan shekara 63 a Jos, ina da hawan jini. An buɗe coci a shagon da ke jikin gidana, tun daga nan awon jinina yake hawa. Ni Musulmi ne, ina gudun in yi magana ta zama rigimar addini. Shin da gaske ƙara tana tayar da hawan jini, ko damuwata ce kawai?

Amsa: Baba, ranka ya daɗe, ba zato kake yi ba. Ido yana da marfi, kunne ba shi da shi. Ko kana barci kunnenka yana kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, ita kuma idan ta ji ƙara mai ƙarfi sai ta ɗauka haɗari ne, ta saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Wannan yana faruwa ko da ba ka farka ba. A ƙa'ida, jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan ya yi barci, lokacin ne zuciya take ɗan hutawa. Wanda ake ta katse wa barci yakan rasa wannan saukar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a kan masu zama kusa da manyan tituna, ta sami hujja mai ƙarfi cewa daɗewa cikin ƙarar motoci yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Zuciya kuwa ba ta tambaya ko ƙarar ta mota ce, ta janareta, ta biki, ko ta addu'a.

Ga abin da nake so ka yi. Ka auna jininka safe da yamma har kwana bakwai, kana zaune ka huta minti biyar kafin awon, ka rubuta a takarda, ka sa alama a ranakun da aka kwana ana ƙara. Ka kai wa likitanka takardar. Kada ka ƙara wa kanka yawan magani, kuma don Allah kada ka sayi maganin barci a kemis. A shekarunka yana kawo jiri da faɗuwa, jiki kuma yana saurin sabawa da shi. Akwai matoshin kunne na soso da ake samu a manyan shagunan magani: ana murza shi ya sirance, a ja kunnen sama, a sa shi, a riƙe har ya kumbura. Yana rage ƙara sosai, sai dai dukan ganga mai nauyi wanda kake ji har a ƙirji ba ya tare shi duka. Idan ka ji ciwon ƙirji, ko wani ɓangaren jiki ya saki, ko magana ta harɗe, wannan na asibiti ne nan take.

Tsoronka na rigima kuwa, duk wanda ya san abin da Jos ta gani ba zai ce ka yi yawan tsoro ba. Amma shiru ma yana cin jikinka. Kada ka je da ƙarfe biyun dare ranka a ɓace. Ka je da rana, ka tafi da wani maƙwabcinka Kirista wanda shi ma abin yake hana shi barci, na tabbata akwai shi. Ku gaisa da faston da dattawan cocin, ka nuna musu takardar awonka. Kada ka ce su daina addu'a, ka roƙi abu takamaimai: a kashe lasifikar waje bayan ƙarfe goma, a juya ta ciki ta daina fuskantar bangonka. In bai yiwu ba, sai mai unguwa. Doka ma tana nan, hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta ƙasa tana da ƙa'idojin ƙara tun 2009, kuma a 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 a kan wannan batu. Ni dai ban so a kai ga rufe wa kowa wurin ibada ba, maƙwabtaka ta fi ƙarfin haka.

Kuma Baba, ka yi mini haƙuri in ƙara ɗaya. Idan masallacin unguwarku yana sakin wa'azi ta lasifikar waje har tsakar dare, akwai wata tsohuwa mai hawan jini da take kwana ido biyu kamar kai. A 2021 Saudiyya ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Idan ka yi wannan maganar a gida, taka za ta fi nauyi a gaban faston.

Tambaya: Ni ne nake kaɗa ganga a cocinmu a Sabon Gari, Kano, shekarata 24. Bayan sujada kunnena yakan yi ta ƙara shuuu, ina jin maganar mutane kamar daga cikin rijiya, sai Litinin yake washewa. Abokaina sun ce kunnen ne yake sabawa.

Amsa: Ɗana, a cikin duk waɗanda suka rubuto, kai ne na fi jin tsoro dominka. Kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da abokanka suke kira sabo, farkon kurumta ne.

Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin dubu goma sha biyar, su ne suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da gero a gona. Idan an bar su suka huta sai su miƙe, shi ya sa kake washewa ranar Litinin. Amma idan ana maimaitawa kowane mako, wasu ba za su ƙara tashi ba, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ɗigon kunne, babu tiyatar da take dawo da shi.

Lissafin da masu kula da lafiyar ma'aikata suke amfani da shi mai sauƙi ne. Kunne yana iya ɗaukar desibel 85 na awa takwas. Duk ƙarin desibel 3, lokacin yana raguwa da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Mai zama a kan ganga, ga farantin ƙarfe na kiɗa yana dukansa a dama, ga lasifikar mawaƙa a hagu, yana iya kaiwa 100 cikin sauƙi, kai kuma awa uku kake yi, ban da gwajin waƙa na ranar Asabar.

Na taɓa duba wani mai kaɗa fiyano a coci, bai kai talatin ba. Matarsa ce ta kawo shi, ta ce yana amsa mata abin da ba ta tambaya ba. Da muka auna, sai ga layin jinsa a takardar gwajin ya faɗa rami a wajen sirarrun sauti, irin ramin da nake gani a kunnen masu injin niƙa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko zai ci gaba da gane muryoyin mawaƙansa. Na kasa ba shi amsar da yake so.

Ka je a yi maka gwajin ji, a asibitin koyarwa da ke Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ka riƙa sa matoshin kunne duk lokacin da za ka hau ganga, akwai na makaɗa wanda yake rage ƙarfi ba tare da ya dagula waƙar ba. Ka matsar da lasifika daga kunnenka. Bayan sujada ka ba kunnen hutu, kada ka fito daga coci ka cusa iyafis. Idan wata rana ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, kada ka jira Litinin, maganin wannan yana aiki ne a kwanakin farko.

Tambaya: Ni fasto ne a Kafanchan. Maƙwabta sun kawo ƙara, ina so in gyara, amma matasa suna cewa in an rage sauti sujada za ta yi sanyi. Yaya zan san daidai?

Amsa: Baba Fasto, Allah ya saka da alheri da ka saurari maƙwabtanka. Ka sa wani matashi ya saukar da manhajar auna sauti a wayarsa, ba ta kai na'urar ƙwararru ba amma za ta nuna maka hanya. Ku auna a layin gaba lokacin yabo. Sannan kai da kanka ka fita ana tsakiyar waƙa, ka roƙi maƙwabcin da ya fi kusa ya bar ka ka shiga ɗakinsa ka zauna minti biyar. Fastoci kaɗan ne suka taɓa jin cocinsu daga can.

Yawancin cocinmu matsalarsu ba ƙarancin ƙarfi ba ce, amsa-kuwwa ce. Rufin kwano babu silin, bangon siminti, ƙasa tayil, sauti yana ta dukan bango yana dawowa, na baya ba ya gane wa'azi, sai a ƙara murɗawa, abin ya ƙara dagulewa. Silin, labule masu kauri, da ƙananan lasifiku huɗu ko shida a rarrabe cikin ɗakin sun fi manya biyu a gaba suna ruri. Ku rage nauyin bes, wato sauti mai kauri, shi ne yake ratsa bango. Tsofaffin cocinka za su fi kowa gode maka, don kunnen tsoho ƙara tana yi masa zafi ba tare da ta ƙara masa fahimta ba. Ta waje kuwa a cire ta da dare, masu addu'ar ai suna ciki. Idan za ku yi babban taro, ku aika a sanar da maƙwabta kwana biyu kafin nan, da lokacin da za ku tashi, kuma ku cika alkawari.

Matasan naka, ka buɗe musu Karin Magana 27:14, inda aka ce wanda ya ɗaga murya da sassafe yana sa wa maƙwabcinsa albarka, za a ɗauke ta kamar la'ana. Ka kuma karanta musu amsar da na ba ɗan'uwansu na Kano.

Tambaya: Ina jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, muryata ta dishe wata biyu ke nan. Ina shan zuma da citta amma shiru.

Amsa: Malama, dishewar da ta wuce mako huɗu tana buƙatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa ya ga igiyoyin muryar. Mai waƙa yana ƙoƙarin ya rinjayi ganga da jita yakan yi ta matse murya har wasu ƙananan ƙulli su fito a kansu, kamar kantar hannun manomi. Zuma tana sanyaya maƙogwaro amma ba ta kaiwa can. Ki huta da waƙa har a duba ki, ki yawaita shan ruwa, ki daina yawan gyaran murya, kada kuma ki koma yin raɗa, ita ma tana wahalar da igiyoyin. In kin koma, ki ce wa mai kula da sauti ya sassauta kayan kiɗa har ki riƙa jin kanki ba tare da kin yi ihu ba.