Yaya Za a Ba da Shawara Kan Majinyacin da Ba a Gani Ba?

Ƙanena, ka ce abin yana damunka: "Ranka ya daɗe, yaya za mu zauna a waya da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi muna canza wa mutum magani, alhali ko fuskarsa ba mu taɓa gani ba? Ba gara su turo mana shi ba?"

To, su turo shi wurin wa? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba mu kai 300 ba, mutanen ƙasar kuwa sun haura miliyan 200. A Arewa in ka cire asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, galibi sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Matar ƙauye da aka miƙa wa takardar zuwa Dawanau tana buƙatar kuɗin mota, da izinin maigida, da ɗan rakiya. Bayan duk wannan ga bakin mutane: da an ji inda aka kai ta, har auren 'ya'yanta sai ya taɓu. Takardar a ƙarƙashin katifa take ƙarewa. Amma awo da rigakafin yara ba ta fashinsu, kuma malamar asibitin garinsu ta san ta har da sunan ɗan farinta.

Dabarar kula da majinyaci a cikin mutanensa ba ta yau ba ce. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. A Amurka, likitocin Jami'ar Washington da ke Seattle ne suka tsara aikin yadda muke yinsa yanzu. A binciken IMPACT da aka buga a 2002, an bi tsofaffi 1,801 masu ciwon damuwa: bayan shekara guda, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka kula da su ta wannan hanya ciwonsu ya ragu da rabi, na hanyar da aka saba kuwa kashi 19 kacal. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, na faɗaɗa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda aka ƙaddamar a 2008, shi ma a kan wannan tunani ya tsaya.

Abin da kake dubawa a zaman mako-mako shi ne rajista. Kowane majinyaci yana da layinsa: ranar da ya fara magani, abin da yake sha, da makinsa na PHQ-9, tambayoyi tara na auna ciwon damuwa, masu maki daga 0 zuwa 27. Ma'aikaci zai so ya fara da labarin da ya fi ba shi mamaki. Ka lallaɓa shi ya dawo kan mutum biyu: wanda makinsa ya ƙi sauka, da wanda bai dawo ba. Idan an yi mako goma zuwa sha biyu makin bai ragu da rabi ba, dole a canza wani abu.

Sai dai kada ka yi saurin ƙara ƙwaya. Ɗauki matar da ta yi ta zuwa da "kaina yana zafi, wani abu yana yawo a jikina", aka yi ta ɗura mata maganin taifot da ƙarin ruwa kafin a gane damuwa ce. An sa ta a maganin damuwa amitriptyline, amma shiru. Tambaya ta farko: tana sha kuwa? Sau da yawa za ka ji ta daina a mako na farko, don bakinta yana bushewa, barci yana hana ta tashi sallar asuba, kuma ba wanda ya gaya mata maganin sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Ko kuwa kuɗin saye ne ya ƙare. Ko an yi mata kishiya. In saurayi ne, a tambayi tiramol da wiwi. Duk wannan malamar ta fi ka hanyar saninsa.

Akwai tambayoyin da ba na yafewa. Kafin a fara maganin damuwa: ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana surutu, yana rabon dukiyarsa? In haka ne, ba shi maganin damuwa shi kaɗai zai iya sake tayar masa da wannan halin. An tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa? Ma'aikata suna jin nauyin wannan, sai ka faɗa musu kalmomin da za su yi amfani da su, su maimaita a kunnenka. Wanda yake da tunanin, ba a damƙa masa amitriptyline na wata guda, don yawansa yana tsayar da zuciya. Na mako ake bayarwa, a hannun wani babba a gida. Ka kuma gargaɗe su kan haloperidol, maganin taɓin hankali: wuya zai iya murɗewa, ido ya kafe sama, harshe ya fito. In ba a faɗa wa dangi tun farko ba, cewa za su yi iskokai ne suka tashi, daga ranar ba za ka sake jin labarinsa ba.

Wasu kam sai ka gani da idonka, ko a kai su babban asibiti nan take: wanda ya ruɗe farat ɗaya da zazzaɓi (ka fara tunanin sanƙarau, da maleriyar da ta hau kai, da faɗuwar suga), mai jegon da hankalinta ya gushe, wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, da wanda aka canza wa magani sau biyu ba sauƙi. Sauran kuwa, ka rubuta a fili cewa shawara ce bisa bayanin da aka ba ka. Mai duba majinyacin shi ke rubuta magani, kuma yana da ikon ce maka a'a.

Kada ka taɓa yi wa ma'aikaci faɗa a gaban abokan aikinsa. Ranar da ka kunyata shi, daga nan waɗanda suka warke kaɗai zai riƙa kawo maka. Kuma idan ka ba da shawara ka faɗi dalilinta, don majinyaci na gaba mai irin ciwon ba sai an kira ka ba.

Batun ruƙiyya ma zai zo. Ni ba na ce a daina. Abin da nake roƙon dangi shi ne ban da mari, ban da duka, kuma a ci gaba da shan magani.