Ni dai gona zan zaɓa, amma da sharaɗi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya cewa da za a ba mutum damar ya zaɓi duniyar wasan bidiyo guda ɗaya ya zauna a cikinta har abada, wacce zai ɗauka, kuma na ga yawancin amsoshin sun karkata ga GTA da PUBG. Mun san dawwama ta Lahira ce, wannan hira ce kawai, amma tunda an kawo ta, bari in faɗi tawa gwargwadon abin da na gani tun daga gidan gem na unguwarmu a Agege ta Legas har zuwa wayar da ke hannuna yau.

A ganina mutane suna zaɓar wasan da suke jin daɗin bugawa ne, sun manta cewa babu wanda ya yi musu alkawarin su ne za su zama jarumin idan sun shiga. Lokacin da muke yara, GTA San Andreas, wanda ya fito a 2004, shi ne ke cinye mana kuɗin tara a kan na'urar wasa ta PS2, kuma abin da ya fi ba mu dariya shi ne mu tare mota a tsakiyar titi, mu fizgo direban mu yar, mu wuce. Ban taɓa tuna wannan direban ba sai ranar da wani yaro ya zuro hannu ta tagar danfo, motar hayar Legas, a cunkoson Oshodi ya zare mini waya ina cikin magana da mahaifiyata. Da na juya, bayan rigarsa kawai na hango tsakanin motoci. Wanda ya zaɓi Los Santos, birnin da ke cikin wasan, ya sani cewa mazaunan garin dubbai ne, mai ƙwacen kuwa ɗaya ne, saboda haka ya lissafa ɓangaren da ya fi yiwuwa ya faɗa. PUBG kuma ba ya buƙatar dogon bayani: mutum 100 ake saukewa a tsibiri, suna harbin juna, da'irar filin wasan tana ta matsewa, mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ke saura. Wurin da ba a cika yin rabin awa da rai ba, ban ga yadda za a kira shi mazauni ba.

Minecraft ya daɗe yana jan hankalina, kuma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Legas zai gane dalili. Wasan da Markus Persson ɗan Suwidin ya ƙirƙira, ya fito cikakke a 2011, Microsoft ta saya a 2014 kan dala biliyan 2.5, ƙasa ce shimfiɗe wadda ƙafa ba za ta ƙure ba. Babu mai gida, babu dillali, babu kuɗin shekara a dunƙule, babu omo-onile, masu karɓar kuɗi da sunan 'yan asalin fili, da za su tsaya maka a kai ranar da ka fara haƙa harsashi. Sai dai dare da rana gaba ɗaya minti 20 ne, da zarar duhu ya yi dodanni sun fito, kuma akwai wani koren dodo da ke lallaɓowa a bayanka ya fashe ya rusa ginin da ka wuni kana yi. Mutanen ƙauyukansa kuma ba sa magana, gurnani kawai suke yi. Bahaushen da ba zai sami wanda zai yi wa sannu da aiki ba, ko an ba shi duniya ba zai jima ba.

Shi ya sa na tsaya a kan Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya shafe sama da shekara 4 yana haɗawa kafin ya fitar da shi a 2016. Labarin wani ma'aikacin ofis ne da ya gaji, ya koma gonar da kakansa ya bar masa, kuma ina jin rabin mutanen da ke sauka a tashar Agege da wannan mafarkin suke kwana. Shekara tana da yanayi 4, kowanne kwana 28. Barkono yana nuna cikin kwana 5, tumatir cikin kwana 11, kuma idan an yi ruwan sama ka huta da ban-ruwa. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne akwatin da ke ƙofar gida: ka zuba amfanin gonarka da yamma, gari na wayewa kuɗinka sun shigo cif. Yayana yana kawo tumatir daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12, kuma na taɓa tsayawa kusa da shi ranar da motarsu ta lalace a hanya ta ƙara kwana biyu, ina kallo yana ɗaga murfin kwando bayan kwando, ruwan tumatir yana zuba a kan takalminsa, bai ce uffan ba. Tun daga ranar nake ganin wannan akwatin ya fi duk wata bindiga ko motar da aka taɓa sakawa a wasa.

Duk da haka kalmar har abada tana da nauyi ko a can. Mutanen garin 'yan kaɗan ne, kuma bayan shekara biyu ko uku ka haddace duk abin da za su faɗa. Babu masallaci, babu kiran sallah, wurin hirar dare kuma mashaya ce, don haka ni gida zan riƙa komawa da wuri, musamman da yake duk wanda ƙarfe 2 na dare ya riska a waje sumewa yake yi, wani lokaci ya farka an rage masa kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne yara a wasan ba sa wuce shekarun tatata. Ina da 'ya mai shekara uku, kuma duk yadda nake son ganinta haka, ba zan so a hana ni ranar da za ta dawo daga Islamiyya tana biya mini karatu ba.

To, ga sharaɗina. Tunda wasan ya yarda a yi noma tare a gona ɗaya, sai a bar ni in tafi da iyalina da yayana, a bar yara su girma, a kuma ba mu fili kusa da rafi mu kafa masallaci ko na katako ne. Idan an yarda da haka a rubuta sunana. Idan kuma ni kaɗai za a tura, to a bar ni a Agege, gobe da asuba ina da danfon Ikeja da zan kama.